Makirufon leza yana jin magana amma ba ya jin kilohaz 40, ina gyaran yake?

Ɗalibin Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Malamai da injiniyoyi, barkanku da war haka. Ina neman shawara a kan aikin kammala karatu.

Ina haɗa makirufo mai aiki da hasken leza. Burina ya riƙa kama sautin da ya wuce jin kunnen mutum, daga kilohaz 20 zuwa sama, don gano yoyon tukunyar gas ko tartsatsin da ke fita a turakun wutar lantarki. Ga yadda haɗin yake. Leza ja ce ta aljihu, nanomita 650, an rubuta miliwat 5 a jikinta. Haskenta yana dukan ɓallin madubi mai kaurin milimita 1 da na manna a kan leda, ledar kuma na ɗaure ta a bakin gwangwanin madara. Hasken da ya dawo yana sauka rabi a kan fotodayod BPW34, wadda ke mayar da haske ya zama wutar lantarki, rabi a waje. Daga nan sai amfilifayar LM358, da rezisto 1M da kafasito 10pF tsakanin mafita da mashiga. Da yake hasken yana cika amfilifayar, na sa baƙar leda a gaban fotodayod ɗin ta rage shi. Siginar tana shiga ramin makirufo na laftof, ina ɗauka da manhajar Audacity, sau 48,000 a daƙiƙa.

Magana da tafi yana kama su sarai. Amma na ciro mai aika sauti daga HC-SR04, na'urar nan mai auna nisa da sauti, na tura mashi kilohaz 40 daga aisin 555 mai samar da sigina, na matso da shi har taki ɗaya daga ledar, ko gezau. An ce mani lezar ce ta yi ƙarama, in nemi koriya mai miliwat 100. Kafin in kashe kuɗin, shin nan matsalar take? In ba nan ba, da me zan fara?

Mai Gyaran Lantarki, Daura:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Wanda yake toshe haske da baƙar leda ai ba ƙarancin haske ne ke damunsa ba.

Fara da laftof ɗin, don nan ƙofar take a rufe ruf. In kana ɗauka a 48,000 a daƙiƙa, iyakar abin da zai riƙe rabin wannan ne, kilohaz 24, kuma katin sautin yana da matata a cikinsa da ke yanke duk abin da ya haura nan. Canza lambar a Audacity zuwa 192,000 ba ya amfani in katin kansa bai kai ba. Sai dai katin sauti na USB wanda takardarsa ta ce yana ɗauka a 96,000 ko 192,000 ta wajen shigarwa. Ka karanta da kyau, da yawa ta wajen fitarwa kawai suke kaiwa haka. Mafi sauƙi ka yi aiki da osiloskof na ɗakin gwaji, na'urar da ke nuna siffar sigina a allo. In babu, sauko da sautin inda kunne ke ji: gauraya siginar da wata ta kilohaz 38 ta cikin aisi mai gauraya sigina AD633 ko makunnin CD4066, ka tace abin da ya haura kilohaz 5, za ka ji fito na kilohaz 2. Haka na'urorin sauraron jemagu suke yi.

Sai amfilifayar. Lissafa 1 ÷ (2π × R × C) da 1M da 10pF, za ka samu kusan kilohaz 16. A kilohaz 40 siginar ta ragu kusan ninki 3 tun daga nan, ga LM358 kuma wadda ƙarfinta bai wuce kusan megahaz 1 ba, ga ta da hayaniya. Cire ta ka sa TL072, ƙafafunsu iri ɗaya ne, amma tana son wuta gida biyu, don haka batir biyu na volt 9, tabbatacce da korau. Sauya reziston zuwa 10k, kafasiton zuwa 47pF, iyakarka ta koma wajen kilohaz 340. Sannan ka yar da baƙar ledar. BPW34 tana ba da kusan miliamfiya 0.4 a kan kowane miliwat na jan haske, wato volt 4 a kan 10k. In mitarka ta nuna ya haura volt 5, sauko zuwa 4.7k.

Kada ka ji tsoron cewa ƙaramin rezisto zai rage maka ji. Muddin wutar da ke tsaye a kansa ta haura kusan milivolt 50, hayaniyar reziston tana ƙasa da hayaniyar da hasken kansa ke zuwa da ita, don haka 1M ba ta ƙara maka komai sai cikewa. Ƙarin ƙarfi a mataki na gaba ake nemansa: kafasito 1nF da rezisto 10k su tare duk abin da ke ƙasa da kilohaz 16, magana da gurnanin janareta duka, sai matakai biyu na NE5532, kowanne ninki 10.

Ba fotodayod ɗin wuta ta baya daga batir, ta cikin 1k da 10µF. Ba tare da ita ba BPW34 tana da kusan 70pF a jikinta, da volt 3 kawai sai ta sauka wajen 25pF, amfilifayar ta fi sauri ta fi natsuwa. Wayar da ke tsakanin fotodayod da ƙafar aisi kada ta wuce santimita 2. Dukan allon ya shiga gwangwani, a haɗa gwangwanin da ƙasan da'irar.

Wani abu kuma: mai aika sautin HC-SR04 ba ya ihu sai a daidai kilohaz 40, in ka kauce da kilohaz 2 ya kusa yin shiru. 555 kuwa da rezisto na kasuwa tana iya kauce wa fiye da haka. Ko ka sa rezisto mai murɗawa ka daidaita kana kallon ɗan'uwansa mai karɓa a osiloskof, ko ka ɗauko siginar daga Arduino, megahaz 16 a raba da 400.

Malamin Fiziks, Katsina:

Injiniya ya share hanyar lantarki, sai dai ko an bi duk abin da ya faɗa, madubin nan ba zai ba da abin kirki ba. Nan babbar asarar take.

Da zarar firikwensi ta haura inda tantani, wato ledar da sauti ke girgizawa, ke kaɗawa da kansa, nauyinsa ne kawai ke iko da shi, motsinsa kuma yana raguwa da firikwensi sau kanta. Daga kilohaz 1 zuwa 40, matsin sauti iri ɗaya zai motsa shi ƙasa da ninki 40 × 40, wato 1,600. Shi ya sa magana ke shiga, wancan ba ya shiga. Gilashi mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 2.5 a kowace murabba'in mita. A kilohaz 40, matsin faskal 1, wanda desibel 94 ne, ba ƙaramin sauti ba, zai motsa shi wajen fikomita 13 kacal. Ledar Mylar mai rufin alminiyam, mai kaurin maikuromita 12, irin bargon azurfa da ake samu a akwatin taimakon gaggawa, nauyinta giram 17 ne a murabba'in mita. Ta fi gilashin sauƙi ninki 150, za ta motsa kusan nanomita 2. Babu lezar da za ka saya ta ba ka ninki 150. Dubi tantanin kalangu da fatar babbar ganga, wanne ke amsa ɗan taɓi? Ita iskar kanta kusan nanomita 10 take motsi a wannan matsin, don haka da Mylar ka riga ka kusa iyaka.

Yadda ake ɗaura shi: miƙe ledar a kan zobe mai faɗi, kamar bakin kofi, ka ja ta ko'ina har ƙanƙancewar ta ɓace ka ga fuskarka a ciki. Shafa gam kaɗan a fuskar washa mai rami milimita 4, ka ɗora ta a tsakiya, ka ɗora ɗan nauyi, ta kwana. Da safe ka yanke kewaye. Gam ɗin kada ya malalo cikin ramin. Dalilin milimita 4 shi ne tsawon zangon sautin kilohaz 40 a iska milimita 8.6 ne a digiri 20, a zafin watan Afrilu na nan kuwa, digiri 40, ya kusa 8.9. Tantanin da ya wuce rabin wannan sai wani sashe ya tura gaba wani ya ja baya, amsar ta zama hawa da sauka. Bakin gwangwanin madara ya ninka haka sau goma sha. In ka rasa Mylar, ɓare ƙaramin makirufon elektiret daga tsohuwar rediyo, tantaninsa a miƙe yake a kan zobensa, yana kuma sheƙi.

Yanzu karatun motsin. Salon da kake yi, na haske rabi a ciki rabi a waje, karkata yake aunawa, tsakiyar tantani kuma ba ta karkata, gaba da baya take yi. Abin da ya dace shi ne intaferomita irin ta Michelson. Gilashi mai raba haske ya kasa hasken biyu, ɗaya ya je tantani, ɗaya ya je madubi tsayayye, su dawo su haɗu a kan fotodayod. Duk motsin rabin zango, nanomita 325, hasken yana tashi daga haske zuwa duhu ya komo. Kayan kusan duk suna cikin kan karatu na mataccen DVD: gilashi mai raba haske, ruwan tabarau ƙanana, ƙaramin madubi. Madubin gida ba ya yi, don rufinsa a baya yake, yana ba da inuwa biyu. Ɓallin faifan da ke cikin tsohon had-dis ya fi shi.

Abubuwa uku ke hana mutane ganin layukan haske da duhu. Na farko, hannuwan biyu ba su yi tsawo ɗaya ba. Lezar aljihu ba ta jure bambanci, wani lokaci ko na milimita 1, don haka madubin ya zauna a kan abin da za ka tura a hankali da sukurun, ka yi ta matsawa har layukan su fito baƙi ƙirin da ja zur. Lezar hiliyam-niyon ta ɗakin gwaji, mai nanomita 632.8, tana jure santimita da dama, in akwai ta ka fara da ita. Na biyu, Mylar ba ta kai madubi santsi ba, sai ka tattara hasken ya zama ɗigo a kanta da ruwan tabarau mai nisan tattarawa milimita 20 zuwa 50, ka sa irinsa a ɗaya hannun. Na uku, haske yana komawa cikin lezar, sai ta rikice ta riƙa tsalle. Karkata ta kaɗan yadda ɗigon da ya dawo zai faɗi a gefen bakinta.

Inda jin yake shi ne tsakiyar gangara, daidai tsakanin cikakken haske da cikakken duhu. A ƙololuwar haske ko a ƙasan duhu, ƙaramin motsi ba ya canza komai, makirufon ya kurmance. Kuma ba zai zauna a tsakiyar da kansa ba. Alminiyam mai tsawon santimita 10 yana ƙaruwa da maikuromita 2.3 a kowane digiri ɗaya, layi 7 ke nan. Maganin: manna madubin tsayayyen hannun a kan faifan fiyezo na buza mai milimita 27, wanda ke ɗan lanƙwasa in an ba shi wuta. Ɗauki siginar matakin farko, kwatanta ta da wutar tsakiya, shigar da bambancin cikin TL071 da aka haɗa a matsayin mai tarawa, 100k da 1µF, mafitarsa ta tura fiyezon. Zai riƙa bin zafi da girgizar ɗaki a hankali, ya bar kilohaz 40 ta wuce don ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. In ya fara kuka, ƙara reziston, don faifan yana da nasa kaɗawar a 'yan kilohaz kaɗan. Kada ka damu da wace waya ce tabbatacciya, in ka juya su zai kama gangarar da ke kusa ne kawai. Sa maɓalli a kan kafasiton don sallamar wutar in ya kai maƙura.

Daɗin wannan haɗin, shi ke auna kansa. Taɓa teburin ka ga daga ina zuwa ina siginar ke lilo. In volt 4 ne daga duhu zuwa haske, to 2π × 4 ÷ 650 ya ba ka kusan milivolt 39 a kowane nanomita. Da wannan za ka rubuta sakamakonka da lambobi, ba "ya ji" ko "bai ji" ba. Ka kuma lura, irin waɗannan masu aika sautin suna kai desibel 110 zuwa 120 a santimita 30 in an ba su volt 10. Desibel 120 faskal 20 ne, nanomita 40 a kan Mylar, alhali gangarar duka nanomita 81 ce kowane ɓangare. Zai murguɗe siginar. Ja shi baya mita 1 ko 2, ko ka rage mashi wuta.

Batun koriyar leza kuwa, a bar shi. Masu arha daga cikinsu sun fi ja rawar haske, da yawa suna zubo hasken infrared da ido ba ya gani, miliwat 100 kuma tana lalata ido kafin ƙiftawa, tana dumama ledar ta saki. Ko a inda komai ya yi daidai, ninka haske sau 10 ninki 3 da ɗoriya kawai yake ƙara wa ji.

Ɗalibin Ƙofar Ƙaura:

Allah ya saka da alheri, Malam, Injiniya na gode. Tambaya biyu. Tunda tantani ne ke jawo wahala, na ji akwai makirufon leza da ba shi da tantani sam, ko shi zan nufa? Sannan in na ja ledar sosai har ta riƙa kaɗawa da kanta a kilohaz 40, ba zai ƙara ji ba?

Anti Injiniya, Katsina:

Ƙanena, kafin su amsa maka, ga abin da ke kayar da irin wannan aiki a gaban masu duba shi. Ranar da ka ga kilohaz 40 a osiloskof, kada ka yi murna sai ka tabbatar ta iska ta zo. Wayar da ke kai volt 10 ga mai aika sauti eriya ce, amfilifayarka mai ninki 100 kuma tana kama ta ba tare da wani sauti ba.

Tare lezar da kati. In siginar tana nan, ta waya ce ko ta fitilar ɗaki. Mayar da hasken, ka sa littafi tsakanin mai aikawa da tantani. In ba ta faɗi ba, ta cikin tebur take bi, sai ka ɗauke mai aikawar daga teburin ka rataye shi ko ka ɗora shi a kan soso. Gwajin da ba a musu da shi kuwa shi ne na nisa: ɗora mai aikawar a kan rula, ka ja shi baya a hankali kana kallon siginar 555 da ta makirufo tare. Duk milimita 8.6 zuwa 8.9 tudun ɗaya zai zame ya koma inda yake. Siginar waya ba ta zamewa. In Arduino kake amfani da shi, aika guntun sauti ka auna jinkiri, mita 1 kusan milisakan 2.9 ne.

Fitilu ma abin lura ne. Ƙwan fitila mai murɗe da wasu na LED suna kunnawa da kashewa a gomman kilohaz, a unguwar da kake nema. Haka cajar waya, cajar laftof da inbatar sola. Kashe fitila, zare caja, sa fotodayod a ƙarshen bututu mai santimita 5 da aka baƙanta cikinsa.

Don ka san wace hayaniya ce ke danne ka, yi awo uku a mafita. Na farko a cikin duhu, wannan ta lantarki ce. Na biyu da ƙwan mota mai zare a kan batir, ka matso da shi har mita ta nuna wuta daidai da wadda lezar ke bayarwa. Irin wannan ƙwan ba ya rawa a kilohaz 40, abin da ka gani shi ne hayaniyar ƙwayoyin haske, wadda ba a sauka ƙasa da ita. A miliamfiya 0.2 kusan fikoamfiya 8 ce a kowane tushen haz. Na uku da lezar. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku ita ce rawar lezar, kuma da lezar aljihu yawanci ita ce babba. Ana rage ta ta hanya biyu. Ciyar da lezar daga batir ta cikin LM317 da aka haɗa don ba da kwarara tsayayya, da babban kafasito. Sannan ka tsaga ɗan haske da gilashin maikuroskof kafin ya shiga intaferomita, ka kai shi BPW34 ta biyu, ka jera su biyun yadda kwararar ɗaya za ta ci ta ɗaya a mashigar amfilifaya. Rage hasken da ya fi yawa da gefen reza har mafita ta zauna a sifili. Rawar da ta zo masu tare ta soke, sautin da ke hannu ɗaya ya rage. A nan ne za ka iya komawa 100k da 4.7pF ba tare da cikewa ba, kuma sifilin nan shi ne tsakiyar gangarar da Malam ke magana.

Tebur: tiyub ɗin babur da aka ba iska rabi, a ɗora falan dutse ko tayil mai kauri, komai a manne a kansa, hannuwan intaferomita kada su wuce santimita 5 zuwa 10. Fanka a kashe. Da hunturu ƙura tana ratsa hasken, kowace ƙwaya tsini ne a osiloskof, don haka a kife kwali a kai, a bar rami ɗaya a gaban tantani.

Daga nan sai ƙunci. Hayaniya tana tafiya da tushen faɗin firikwensin da ka bari ya shigo. In ka matse daga haz 10,000 zuwa haz 1 ta ragu ninki 100, desibel 40. Aisin AD630, mai zaƙulo sigina daga cikin hayaniya, tana yin wannan in ka ba ta siginar 555 a matsayin abin kwatance. Amma wannan na gwajin ɗaki ne kawai, inda kai ke da sautin. Yoyon gas da tartsatsi shuu suke yi mai faɗi, a can matata ta kilohaz 35 zuwa 45 ita ce daidai.

Malamin Fiziks, Katsina:

Marar tantanin akwai shi. Kamfanin XARION na ƙasar Ostiriya yana yin sa: madubai biyu ƙanana a kafe, tazarar 'yan milimita, irin haɗin Fabry-Pérot, iska tana ratsa tsakaninsu. Sauti yana matse iskar, matsin yana canza saurin haske a cikinta. Tunda babu abin da ke motsi, yana ji har wajen megahaz 1 ba tare da tudu ko kwari ba. Amma duba lissafin. Faskal 1 yana canza ma'aunin lanƙwasa hasken iska da kusan kashi 2 cikin biliyan. A kan milimita 4, fikomita 8 ke nan, inda Mylar ta ba ka nanomita 2, ninki 250. Tsawaita hanyar ba ya ceto kai tsaye, don in hasken ya ratsa tudu da kwarin sauti tare suna soke juna, sai dai in ya bi a kwance daidai da fuskar igiyar. Su suna cike giɓin ne da madubai masu mayar da haske sosai, yana kai da komo sau da yawa. Madubi mai mayar da kashi 99 cikin 100 yana ba da kaifin layukan haske wajen 313, mai kashi 90 wajen 30. Kaifin nan kuma yana buƙatar leza mai launi ɗaya tak da aka kafe zafinta da kwararar wutarta, alhali jar diyod tana zamewa kusan nanomita 0.2 a kowane digiri. Ba aikin lezar aljihu ba ne. A ƙasa da kilohaz 100 tantani ya fi maka. Abin da za ka iya yi, in Michelson ɗin ta zauna, ka maye tantanin da madubi, ka harba sautin a gicciye ta hannu ɗaya, ka nuna siginar da AD630. Babi ne mai kyau a rahoto.

Jan leda kuma, lissafinsa 0.383 ÷ rabin faɗi × tushen ja a kan nauyi. Ramin milimita 4 da Mylar mai maikuromita 12 yana son ja na kusan niyuton 730 a kowace mita kafin ya kai kilohaz 40. Ledar za ta ɗauka, amma a zafinmu tana saki a hankali, abin da ka daidaita yau ba shi za ka tarar ba bayan sati. Rami milimita 3 yana sauko da shi wajen 410. Ribar ba ta da yawa, don iska tana danne kaɗawar tantani mai sauƙi irin wannan, ga shi ka ƙuntata abin da yake ji. Ni dai ban ba da shawararsa ba.

Mai Gyaran Lantarki, Daura:

Na yarda da Malam a kan jan leda. In ƙarin ji kake so a fili, tara sautin kafin ya iso. Kwanon dish na santimita 60, marar huji-huji, faɗinsa ya kai zango 70 na wannan sautin. Sa tantanin a daidai inda LNB, kan da ke karɓar siginar dish, ke zama, yana kallon kwanon, desibel 20 ba abin wahala ba ne. Sai dai ganinsa ya ƙuntata zuwa kusan digiri 1, dole ka ɗaura mashi abin saiti. Ka kuma sa a lissafi cewa iska tana cinye wajen desibel 1 a kowace mita a kilohaz 40, wajen 3 a kilohaz 100, ban da raguwar nisa, kuma adadin yana canzawa da zafi da danshi. Rubuta su biyun a gefen kowane awo, don na hunturu ba zai yi daidai da na damina ba.

Inda nake da ja shi ne fita da intaferomita waje. Abin da ke son tiyub da kwali a ɗaki ba zai zauna a kan dish a bakin titi ba sai an ƙanƙance shi cikin dunƙulen ƙarfe ɗaya. Don neman yoyo ko tartsatsi zalla, makirufon MEMS, ɗan ƙarami irin na cikin wayar salula, kamar SPU0410LR5H na Knowles yana ji har wajen kilohaz 80. Sayi ɗaya ko da leza za ka yi, ka ajiye shi gefen tantaninka ya zama ma'auni. Turakun wuta kuma daga ƙasa ake saurarensu, daga nesa, ba a matsa masu da kwanon ƙarfe.

Don gwaji marar kuɗi, girgiza tarin makullai a mita 2, suna fitar da sauti mai yawa sama da kilohaz 20. Da magariba ƙananan jemagu masu cin ƙwari da ke zagaya fitila su ma suna yi. Manyan nan masu cin 'ya'yan itace da ke rataye a bishiya da ido da hanci suke aiki, kada ka ɓata dare a ƙarƙashinsu. In za ka ɓare kan DVD, ɗauki na faifan kallo. Diyod ɗin da ke cikin mai ƙona faifai na kwamfuta ta ninka ta faifan kallo ƙarfi sau da yawa, gilasansa kawai za ka cire, ita ka bar ta ba wuta.